Ina kuke ɗora rubutun ɗalibanku a intanet?

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. 'Yan ajina na SS2 sun rubuta gajerun labarai da waƙoƙi, wasu sai da na maimaita karantawa saboda daɗi. Ga su can a kwali cikin ofis, ƙura na hawa. So nake iyaye su gani. Duk wanda ya taɓa ɗora irin wannan a intanet ya taimaka mana da yadda ya yi.

Malamin kwamfuta, Kawo:
Wa'alaikumussalam Malama. Mu Google Sites, dandalin Google na gina shafin intanet, muka ɗauka, kyauta ne, Gmail kawai ake nema. Amma shirya shi ya fi son kwamfuta. In waya ce kaɗai a hannunki, Blogger ko WordPress za su fi miki sauƙi, suna da manhajar waya. Ki saka Hausa a Gboard, allon rubutu na waya, don ƙ da ɗ da ɓ su fito, kada yara su ga an mayar musu da ƙasa kasa.

Shugaban makaranta, Unguwar Rimi:
Malama, ki ji abin da ya same mu. Wani matashi muka biya ya gina mana shafi mai kyau, har da adireshin kanmu. Ashe da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar, mu kuwa ba wanda ya tambaya. Shi adireshi haya ne, duk shekara ake sabuntawa. Yaron ya koma Abuja, lambarsa ta daina shiga, shekara na cika shafin ya rufe. Hotunan walimar sauka da na ranar bayar da kyaututtuka duk suka tafi, ba mu ajiye kwafi ba. Har yau abin na yi mini ciwo. Yanzu adireshinmu da .sch.ng ya ƙare, wanda NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin intanet na Najeriya, ta ware wa makarantu, kuma kalmar sirri tana hannun mutum biyu, ni da mataimakiyata.

Mahaifiyar ɗaliba, Rigasa:
Ni roƙo gare ni. Wata rana na tsinci hoton 'yata da cikakken sunanta da ajinta a shafin makarantarsu, ba wanda ya tuntuɓe ni. Hankalina bai kwanta ba sai da aka cire. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta ce a nemi yardar iyaye kan bayanan yara. Ku ɗora labarin, sunan farko ya isa.

Malamar Hausa, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka. Hajiya, ran Litinin zan ba yara takardar neman izini su kai gida. Malam na Kawo, Gmail ɗin da sunan makaranta zan buɗe, ko?

Malamin kwamfuta, Kawo:
Da sunan makaranta, Malama. Lambar wayar da za a maƙala masa ma ta ofis ce ta fi.