Tsutsar da ke cin ganyen lemun tsamina, za ta renu har ta tashi?

Maman Hanifa, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan lemun tsami a tsakar gida, tun da damina ta kankama wasu tsutsotsi suka far wa sabon tohonsa. Ƙananan baƙaƙe ne da ratsin fari, sai ka rantse kashin tsuntsu ne, manyan kuwa kore shar. Na taɓa ɗaya da tsinke, ta zaro wasu ƙahoni biyu ruwan goro daga bayan kanta, ga wari. Maigida ya ce a yi feshi. Ni kuma so nake yara su ga abin da za ta zama, in samu hoto mai kyau da waya. Yaya zan yi?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan 'ya'yan babban malam buɗe littafin nan ne, baƙi mai ɗigon rawaya, masana na kiransa Papilio demodocus. Baƙar da koriyar duk abu ɗaya ne, saɓa take yi har launinta ya canza. Ƙahonin na korar maƙiya ne, ba sa harbi. Ki samu bokiti, ki rufe bakinsa da yankin gidan sauro, kullum ki sa sabon ganyen lemo ki zubar da kashin. Kada ki ba ta zogale ko alayyafo, ba za ta ci ba. Ki jingina ɗan kara a ciki, domin idan ta ƙoshi a jikinsa za ta ɗaure kanta da zare ta daskare ta zama kwanso. Daga nan wajen mako 2 ne malam buɗe littafin zai fito. Ki kiyaye ta da tururuwa.

Abba mai hoto:
Anti, ranar da kwanson ya yi duhu har kina hango zanen fiffike ta ciki, ki shirya. Yawanci da safe yake fitowa, fiffike a yamutse, ya rataya fiye da awa 1 yana bushewa. Nan ne damarki, don in ya tashi ba ya zama, ko furanni yake sha fiffikensa karkarwa yake. Ki fito da karan zuwa inuwa, ki kashe filasha, ki matsar da wayar da kanki, ki taɓa idonsa a sikirin. Ki hana yara kama fiffiken.

Baba Manomi:
Ni mai renon dashen lemo ne, kuma ɓarnarsu a kan ƙaramin dashe ba wasa ba ce. Amma itace ɗaya bai kai a yi masa feshi ba, 'yata. Ki tsince su da hannu, ki duba sabon toho, za ki ga ƙwai ɗai-ɗai masu ruwan rawaya. In kwanson ya daɗe da rani kada ki yar, wani sai an yi ruwa yake fashewa.