Na Maƙale a Matakin Platinum a Street Fighter 6

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni magidanci ne mai shekara 37, kuma tun fitowar wasan bidiyo na faɗa Street Fighter 6 a 2023 nake buga shi da ɗan faɗan da ake kira Ryu, amma wata biyar ke nan ban gusa daga Platinum ba, wato ɗaya daga matakan ƙwarewa na karawar intanet.

Abin da ya gagare ni shi ne mayar da martani ga Drive Impact, wato wani bugu mai ƙarfi da jan launi ke nuna tahowarsa. Na san bugun yana ɗaukar firam 26 kafin ya sauka, wato ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma a filin atisaye ina mayar da martani sau tara cikin goma. Amma da zarar abokin karawa ya matse ni a lungu, hankalina yana kan tsallensa, sai in ga jan launin nan ya taso, yatsana ya sandare a kan maɓalli.

Awa guda kawai nake samu bayan sallar isha'i, ita ma in yara sun yi barci. Shin in koma tsarin Modern, wato tsarin maɓallai mai sauƙi, domin kakkaɓo mai tsalle da maɓalli ɗaya, duk da ragin kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin bugun, ko akwai atisayen da ke koya wa ido lura da abu biyu lokaci guda?