Neman kalmar Hausa: gidan "modula" da tsara wuri a cikinsa

Mai tambaya (Gusau): Malamai, me za mu kira gidan da ake ƙera ɗakunansa a masana'anta, a kawo su a mota, a haɗa a fili? Ni dai "tafi-da-gidanka" nake ji ana cewa.

Injiniyan gini (Birnin Kebbi): Malam, wannan sunan bai dace ba. Tafi-da-gidanka mai yawo ne, shi kuwa wannan da an ɗora shi kan ginshiƙan kankare ya zauna ke nan. "Gidan haɗaka" ma kada a fara, za a ɗauka gidan haya ne na mutane da yawa. Asalin abin shi ne sassa masu awo ɗaya da ake harhaɗawa, kamar yadda ake ɗaura jinka a ƙasa, sannan a ɗaga ta a kifa kan ɗaki. Ina ganin "gidan harhaɗe".

Mai walda (Kauran Namoda): Injiniya, a bakin aiki "gidan kwantena" muka sani.

Injiniyan gini: Kwantena ɗaya ce daga cikin ire-irensu, akwai na katako da na falankin siminti. Amma mu yi misali da ita, don awon ne ke mulkin komai. Mai ƙafa 20 cikinta kusan mita 5.9 ne a tsawo, 2.35 a faɗi. Zafin Maris da Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, dole a sa abin tare zafi a bango a rufe da filawud, sai faɗin ya dawo wajen mita 2.2. Ka shigar da gado mai ƙafa 6, wato mita 1.83, hanyar da ta rage ba ta kai santimita 40 ba. Gado mai ƙafa huɗu da rabi yana barin kusan 83, ko kuma a gicciya gadon a ƙuryar ɗaki. Ƙofa mai santimita 90 da ke buɗewa ciki tana cin fiye da rabin murabba'in mita, shi ya sa ake sa mai zamewa.

Mai zanen gida (Argungu): To ga kalma ta biyu, ta tsara wurin. Kada a ce "tsarin fili", hankali zai tafi kan yanka filaye. "Tattalin wuri" ya fi, tunda tattali ake yi kamar na hatsi a rumbu. A aikace: kicin da banɗaki su jingina da bango ɗaya, bututun ruwa ya taru wuri guda. Faɗin kantar kicin santimita 60. Kaya su hau sama, durowa ta shiga ƙarƙashin gado. A bar wajen shimfiɗa dardumar salla, kuma a duba alƙibla kafin a dasa masai, don juya shi daga baya sai an fasa daɓe.

Mai walda: Hajiya, a ƙara da wannan: duk inda anka yanka bangon kwantena don taga ko ƙofa, a zagaye shi da ƙarfe a yi walda. Lanƙwasar bangon nan ita ke riƙe da nauyi, in an yanke ta ba madogara rufin zai lotsa, ruwan damina ya kwanta, tsatsa ta ci.

Mai tambaya: Na gode, malamai. Na rubuta "gidan harhaɗe" da "tattalin wuri". Saura sunan kowane sashe guda: "ɓangare" ko "gunduwa"?

Injiniyan gini: Gunduwa a bar wa kifin Yauri. Ɓangare.