Abin da na tsinto kan tsarin wuraren shaƙatawa a birane masu cunkoso

Jama'a, zancen da aka yi kan abin da ke sa wurin shaƙatawa ya yi daɗin zama ya yi tsawo, ga abin da na tattara daga ra'ayoyin mutane.

1. Inuwa ce gaba da komai, nan babu gardama. Filin da ba bishiya, ko an shimfiɗa masa marmara, da azahar ba mai zama.

2. Lambun Al-Azhar na Alƙahira ya fi shan ambato. Juji ne na ɗaruruwan shekaru, gidauniyar Aga Khan ta gyara shi, aka buɗe a 2005. Waɗanda suka je sun ce tudun da yake kai ne sirrinsa: kana zaune iska na kaɗawa, ruwa na gudu a 'yan magudanai, kana hango hasumiyoyin tsohon birni.

3. Bryant Park na New York ma ya shigo. An cire shingen da ke ɓoye masu sayar da ƙwaya, aka zuba kujerun da mutum zai ja inda yake so, jama'a suka dawo.

4. Kuɗin shiga ne ya raba kawuna. Wasu sun ce da shi ake biyan masu shara da ban-ruwa, wasu suka ce mai 'ya'ya bakwai an kore shi ke nan tun daga ƙofa. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

5. Mata sun nanata banɗaki mai tsafta da fitilu.