Shirin gasar ninƙaya, keke da gudu daga Birnin Kebbi

Masu shirin shiga gasar Ironman sun tattauna kan yadda za a tsara shekarar horo, ga abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Gasar ninƙayar kilomita 3.8 ce, keke 180, sai gudu 42.2, duk a jere. Sabon shiga gara ya fara da rabinta: 1.9, 90 da 21.1.

Daga ranar gasa ake ƙirgowa baya, wata shida aƙalla. Dogayen fita su faɗo cikin hunturu, don daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin sai dai a fita da an idar da asuba. Mako uku ana ƙara nauyin horo, na huɗu a sassauta, mako biyu zuwa uku na ƙarshe a rage sosai. Da azumi, gajeren horo bayan shan ruwa ya wadatar.

Keke aka fi jan magana a kansa, shi ke cin kusan rabin lokacin gasa. In an dawo daga hanyar Argungu, da sauka a ɗaura takalmi a yi gudun minti 20, ƙafa ta saba da wannan nauyin. Kowace awa a kan keke a ci giram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci, dabino da ayaba sun yi, kuma a sa gishiri a gorar ruwa. Wanda ya yi awa biyar yana zufa yana ɗirkar ruwa zalla, gishirin jininsa ke sauka, sai ciwon kai da jiri.

Ninƙaya kuwa a nemi wurin wanka na otal, kogi akwai tsargiya. In dole sai kogin, mai kwalekwale ya bi ka a gefe.