Neman shawara: Yayata ta warke daga sankarar mama amma aiki ya gagara

Assalamu alaikum, admin don Allah a ɓoye sunana. Yayata ce malamar firamare a wata makarantar kuɗi nan cikin Sakkwato, shekara 9 tana koyarwa kahin anka gano sankarar mama, anka cire nono guda ta yi kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) ta yi gashin inji a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har hilinmu na gado munka sai da. Alhamdulillahi yanzu likitoci sun ce ba alamar ciwon, ƙwayar tamoxifen mai rage haɗarin dawowar ciwon kawai take sha. To tana cikin jinya makarantar ta ɗau wata a gurbinta ko sallama babu. Wata 14 ke nan tana gida. Wuri biyu ta je intabiyu da ta ambaci ciwon sai a ce za mu kira ki, wata mai intabiyun ma wallahi har janye kujerarta ta yi baya, yayata ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba. Ta ɓoye ne ko ta faɗa? Ko ta haƙura da alli ta kama sana'a?

Wata nas:
Allah ya ƙara lafiya 'yar uwa. Sankara ba a ɗaukarta awa mura, jahilci ne kawai. Ta koma kilinik ta roƙi likitanta takardar shaidar cewa za ta iya aiki. Amma kar ku ɗora mata aikin safe har la'asar tashi ɗaya, gajiyar kemo kan daɗe, ƙwayar nan kuma tana sa zufa da jin zahi, ki haɗa da ranar Sakkwato watan Afrilu. In an cire mata kaluluwar hammata hannun gefen yana iya kumbura, a lura da ɗaukar kaya masu nauyi.

Wani malami daga Mabera:
Ni dai ban ce ta yi ƙarya ba, amma mi ya kai ta buɗe intabiyu da zancen ciwo? Shekara 9 na aji ita ce hajarta, ita za ta baje. In sun tambayi gibin ta ce jinya ta yi kuma ta warke ga takarda.

Wata Hajiya daga Arkilla:
Malam ka yi gaskiya amma ɗiyata ku bar bin makarantun kuɗin nan tukun. Ni ma na bi hanyar ga, ciwon mahaihwa ne nawa. Da yara 4 na fara lesin a zaure bayan la'asar, tabarma da ƙaramin allo, ranar da jiki ya ƙi sai in aika a ce gobe. Iyayen yaran da kansu sunka kai labarina wata makaranta.

Wani mamba:
Ku leƙa Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, da ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, suna koyar da sana'a. Sai dai a je da takardun asibiti kuma a yi haƙurin sintiri.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta mata ta Hajiya sau biyu, ta yi shiru sannan ta ce wai ina allon nan nata da munka jingine bayan ɗaki. Hajiya don Allah nawa kika fara amsa kan kowane yaro a wata?