Tsofaffin ma'aikatan jirgin dakon mai, ku zo mu tuna baya

Tsohon ma'aikacin ɗakin injin, Kano: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya jikana ya ɗauko tsohon littafin aikina na jirgi yana buɗawa yace Baba ashe duk ka zaga duniya, nace masa na dai zaga ruwan duniya. Da jiragen kaya na NNSL, kamfanin jiragen ruwa na gwamnatin Najeriya, na fara, can kam ana sauka gari a yi kwanaki, da aka rufe kamfanin a 1995 sai na koma tanka, wato jirgin dakon mai, to nan ne na gane bambanci. A Forcados ko Bonny, tashoshin lodin mai na Neja Delta, wani babban tulun ƙarfe ne a tsakiyar ruwa za a ɗaure ku jikinsa a jona mesa, kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi an cika ku da ɗanyen mai kun juya, gari sai dai ka hango wutar gas daga nesa da daddare. Wata takwas na taɓa yi ƙafata bata taka ƙasa ba. Duk wanda ya yi aikin nan ya bamu nasa.

Tsohon mai kula da famfo, Zangon Takoradi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni warin ne har yau bai bar hancina ba, in na tsaya gidan mai sai gabana ya faɗi. Mutane suna zaton cikakken jirgi ne abin tsoro, alhali wanda aka sauke wa mai ya fi haɗari saboda tururin da ya rage a tanki. Manyanmu kullum suna bamu labarin Disambar 1969, manyan jiragen mai uku suka yi bindiga a wata ɗaya ana cikin wankin tanki, ɗaya ma ya nutse a gaɓar Senegal. Bayan haka ne aka koma tura hayaƙin tukunyar injin cikin tankuna, a wanke shi da ruwan teku a sanyaya a busa ciki har iskar da wuta ke ci ta sauko ƙasa da kashi 8 cikin 100. Ashana, laita, ko tocila ta gida ba a fita da su saman jirgi, masu shan sigari ɗaki guda aka ware musu.

Abin da ba na mantawa shiga tanki. Tsani ne dogo kana sauka cikin duhu, takalminka na santsi, na'ura a ƙirjinka, mutum ɗaya a bakin rami yana kiran sunanka lokaci lokaci. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hancinka ma daina jinta yake. Wata rana wani yaro ɗan Filifin yana gabana kawai naga gwiwarsa ta lanƙwashe, da igiya muka jawo shi, Allah ya yi da sauran kwanansa. Wallahi ranar ko shayi na kasa riƙewa hannuna na ta rawa.

Tsohon matuƙi, Fatakwal: Yaya na Takoradi ka tuna min. Ni kuma zamanin yaƙin Iran da Iraƙi na riska, daga 1984 suka koma harbin jiragen mai, Iraƙi na dukan masu zuwa tsibirin Kharg na Iran da makamai masu linzami, Iran kuma na tare masu ɗauko na Kuwait da Saudiyya. Da dare muke ratsa mashigin Hormuz fitilu a kashe, buhunan yashi an jera a ɗakin tuƙi, kowa ya kwanta da rigar ceto a kusa. Ana ninka mana albashi a yankin shi yasa na sa hannu, ina da ƙanne a makaranta lokacin, amma ban gaya wa Inna inda nake ba, ce mata nake muna Turai. A 1987 da Amurka ta fara rakiyar jiragen Kuwait ai a tafiyar farko wata babbar tanka a cikinsu ta taka nakiya, to mu da ba mai rakiya fa? Ina riƙe da sitiyari bakina na Hasbunallahu wa ni'imal wakil har gari ya waye.

Tsohon kuku, Port Sudan: Allah ya jiƙan waɗanda basu dawo ba. Ni nawa na sallah ne da azumi. Alƙibla sai ka hau sama ka tambayi na diyuti, kafin la'asar jirgi ya karkata ta canza. Diyuti awa huɗu ne a huta takwas, to masu tashi ƙarfe huɗun asuba nake ajiye wa sahur a rufe, har wani kaftin Bagirke ya saba yana zuwa shan ruwa da mu don dabino.

Tsohon ma'aikacin ɗakin injin, Kano: Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Sau uku muna lodi a Yanbu, ga hanyar Madina nan, babu takardar sauka. Na fito daga zafin injin na tsaya jikin ƙarfe ina kallon duwatsun Hijaz ina hawaye, bosin, shugaban ma'aikatan saman jirgi, ya zaci wani aka yi min rasuwa. Sai bayan na ajiye aiki na samu na je, ta jirgin sama daga Kano. Akwai wanda ya yi hanyar Ras Tanura ta Saudiyya zuwa Japan a cikinku? Ina so naji yadda kuka ratsa mashigin Malaka da cikakken jirgi.